Hannun Verna Kubiak

Aikin Verna Kubiak tsayuwa ne, da shi take ci, da shi take biyan haya. Da sassafe za ta gangaro daga tudun Bunker Hill ta hau tarago zuwa kamfanin fim, a nuna mata inda aka zana alli a ƙasa, ta ɗora ƙafafunta a kai, shi ke nan. Maza su hau tsani suna juya fitilu a kanta. Wannan ya ce a ƙara haske a kumatu, wancan ya ce a rage, a kawo katako mai tsaga-tsaga a kara a gaban fitila don inuwa ta zubo mata a fuska kamar sandunan kurkuku. In gumi ya jiƙe ta har ƙugu, sai a ce, "Madalla, 'yar tsaye, matsa." Sai tauraruwar fim ɗin, Lenore Ashby, ta fito daga ɗakinta da sanyinta da ƙamshinta, ta taka allin nan, a kunna kyamara. Duk duhun da kuke gani a finafinan zamanin, mace cikin baƙar riga, titi a jiƙe, hayaƙin taba na tashi, da rana tsaka ake haɗa shi a cikin wani ƙaton zaure marar taga, a kan ƙafafun mata irin su Verna.

An ɗauke ta ne don tsayinsu ɗaya da Lenore, kafaɗa ɗaya, wuya ɗaya. Fuska ce kawai Allah Ya bambanta, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. In Lenore ta rina gashi, Verna ta rina. In Lenore ta rame, a ce wa Verna ta bar burodi. Shekarar da Lenore ta rabu da mijinta na biyu ta yi ƙiba don baƙin ciki, ita ce shekarar da Verna ta ci dankali ta ƙoshi.

Ba sha'awar fim ce ta kai Verna can ba. 'Yarta take nema.

Mijinta Stan ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne a San Pedro, mai aikin dare da barcin rana. Wata rana lokacin sanyi ya yi ta mitar iska na shigo masa, sai Verna ta cusa tsummokara a tsagogin taga, ta bar masa hitar gas a kunne, ta ɗauki 'yarsu Tessie suka tafi cefane. Wutar hitar ta mutu, gas bai daina fita ba. Ko da suka dawo, rai ya yi halinsa. 'Yan sanda suka zo suka duba suka ce tsautsayi ne. Verna ta daina ci, ta daina magana, aka kwantar da ita asibiti wata da watanni. Kafin ta fito, kotu ta damƙa Tessie a hannun uwar Stan, tsohuwa Jadwiga, a kan cewa duk ranar da uwar ta warke, ta samu aiki tsayayye da muhalli na mutunci, za a mayar mata da 'yarta.

Jadwiga tun tana budurwa ta baro ƙasar Folan, ta tsufa tana yanka kifi a masana'antar gwangwani. Ba ta karatu, ba ta zuwa ko'ina sai coci. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce wa Verna ke kika kashe mini ɗa ba. Duk Lahadi Verna za ta hau jan tarago ta je, ta taje wa Tessie kai, su ci miyar kabeji su uku. Can tsakiyar cin abinci sai tsohuwa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Tsummokaran nan, wa ya ce ki sa su?" Sai ta ci gaba da shan miyarta. Verna ta haɗiye. Mai nema ba ya fushi.

A gidan hayar Madam Dunphy, inda Verna take da ɗaki ɗaya, akwai wani Milo Hatcher, siriri mai gyambon ciki, wanda kowa na shan kofi shi yana shan madara. Gajerun labarai yake rubutawa yana sayar wa mujallun nan masu arha, masu hoton mace da bindiga a bango. Tun asuba ake jin tafiretarsa kamar kaza na tsattsagar kwano.

"Mista Hatcher, mata nawa ka kashe yau?" in ji Madam Dunphy, tana zuba masa wake.

"Biyu kacal, Madam. Ɗaya ta sha guba. Ɗayar na rasa yadda zan yi da ita, na tura ta ƙarƙashin mota."

"Ji shi! Kai da ko kyankyaso ka gani a banɗaki sai ka ƙwala mini kira."

Aka yi dariya. Verna ta ce, "Ni dai ina da tambaya. Matan labarinka duk mugaye, duk masu kyau, ba mai wanki, ba mai goyo. A ina kake ganinsu?"

"Ban taɓa ganin ko ɗaya ba, Madam Kubiak. Matan da na sani duk ƙafa ke musu ciwo."

"To rubuta mai ciwon ƙafa mana."

"Wa zai saya?"

Ku ji tsoron namijin da ya iya saurare. Mai surutu ka san inda ya dosa. Milo kuwa sai ya zauna a matakalar bayan gida ranar Asabar, Verna ta tsoma ƙafafu a ruwan gishiri, yana saurare yana gyaɗa kai. Ita kuma tun rasuwar Stan ba wanda ya tambaye ta yaya abin ya faru don ya ji, sai don ya kama ta. Ta ba shi komai: tsummokaran, hitar, yadda ta tsaya a layin mai nama tana ciniki a kan ƙashin miya alhali mijinta na can yana shaƙar ajalinsa, yadda ta fasa taga da tukunya. Har tambayar surukarta ta ranar Lahadi ta ba shi, da muryar tsohuwar da komai, har ta ba shi dariya.

A yi masa adalci, labarin da ya rubuta na kirki ne. Wata bazawara ce gari ya sa wa ido a kan mutuwar mijinta, kowa na nuna ta da baki, a ƙarshe alƙali ya wanke ta, aka mayar mata da 'yarta. Ya karanta mata a matakalar nan. Verna ta rufe fuska da tawul ɗin ƙafarta ta yi kuka, don wannan ne karo na farko da wani ya faɗi a fili cewa ba ta yi ba, ko da a bakin alƙalin ƙarya ne. Mujalla ta buga. Kamar wasa, kamfanin da take wa aiki ya saye labarin don Lenore Ashby.

Haka Verna ta wayi gari tana tsayuwa a cikin kwafin tsohon ɗakinsu ita da Stan. Kafintoci sun gina shi da bango uku, ga gado, ga taga, ga hita a lungu. Wani yaron kayan aiki ya zo da sababbin tsummokara, ita da kanta ta ce masa ba haka ake yi ba, tsohuwar singileti ake yagawa a murɗa, ta nuna masa.

Lenore ba muguwa ba ce, mai kwaɗayin aikinta ce kawai. Da ta ji raɗe-raɗin cewa labarin na 'yar tsayenta ne, sai ta fara kiranta ɗaki.

"Zo nan, 'yar'uwa, zauna. Cire takalmin, na san suna cin ki, ni ma suna ci na. In an yi miki tambayar da ba kya so, yaya kike yi?"

"Ba na yin komai, Mis Ashby."

"Ƙarya kike. Ga shi nan kin kama kunnenki na hagu. Sake yi in gani."

Lenore ta ɗauke kama kunnen. Ta ɗauke tafiyarta, ta ɗauke yadda take riƙe kofi da hannu biyu kamar za a ƙwace. Verna ba ta ji haushi ba, daɗi ma ta ji. Shekara da shekaru tana zama kamar Lenore, yau ga Lenore na zama kamarta.

Ranar da za a ɗauki ƙarshen fim, inda yarinya za ta rugo ta faɗa jikin uwarta a ƙofar kotu, aka sa Verna ta durƙusa a kan alli ta ware hannuwa. Fitila ɗaya ta ƙi daidaituwa. Ta daɗe a haka, hannuwa a buɗe, ba kowa a cikinsu, maza na ta gardama a saman tsani. Da aka ce ta matsa, kafaɗunta sun ƙage, amma tana murmushi. A ranta ta riga ta gama shiri: za ta kai surukarta ta ga wannan da idonta. Abin da ta kasa faɗa a kan miyar kabeji, majigi zai faɗa mata.

Ga abin da ba ta sani ba, don ba a gaya wa 'yar tsaye komai. In an gama fim, manyan kamfani sukan kai shi wani ƙaramin gari a ɓoye, su zauna a baya su ga yadda mutane za su yi. Aka kai wannan. Mata suka share hawaye, maza suka yi ta hamma, wasu suka fita shan taba. Manya suka dawo suka ce a gyara. Ba wani babban gyara ba, a ganinsu. Murmushi ɗaya daga Lenore a gaban madubi, da wani saurayi da ke jiranta a ɓoye, da hannu ɗaya a kan makunnin gas, sai 'yan sanda a bakin ƙofa.

Lenore ba ta zuwa don ɗaukar hoton hannu kawai, wannan aikin 'yar tsaye ne. Aka kira Verna wata safiya, zauren ba kowa sai mai kyamara da mataimakin darakta. Aka shafa mata jan farce. Ƙaramin yatsanta na dama a karkace yake, tun tana yarinya injin matse wanki ya kama shi, ta so ta ɓoye shi. Mai kyamara ya ce a'a, bar shi, yana da kyau a hoto.

"Rufe. Buɗe. Sake buɗewa, a hankali, kamar kina shafa kan kyanwa."

"Wane wuri ne wannan a labarin?"

"'Yar tsaye, kin ga na yi kama da wanda ya sani? Takarda aka ba ni, an ce hannu da gas. Yi mu tafi cin abinci."

Verna ta ɗauka wurin da matar ke kunna wa mijinta hita ne don kada sanyi ya kama shi. Ta buɗe a hankali, da tausayi, yadda ta buɗe wa Stan.

Milo ya sani. Sai ya daina sauka cin abinci, ya ce gyambonsa ne ya tashi. Da fim ya fito, Verna ta tare shi a matakala ta ce ranar Lahadi za ta kai surukarta da Tessie. Ya yi fari fat kamar madararsa.

"Madam Kubiak, da kin fara zuwa ke kaɗai kin gani."

"Haba Mista Hatcher, in ga me? A gabana aka yi shi. Ni ce ma na durƙusa."

Ya juya ya koma ɗakinsa. Namiji ke nan, ya kashe mata ɗari a takarda, ya kasa gaya wa ɗaya magana guda.

Jadwiga ba ta taɓa shiga silima ba. Sai da Verna ta yi ta lallashi, ta ce tarihin Stan ne, an girmama shi, sannan tsohuwa ta sa hular cocinta, ta gayyato ƙawayenta biyu daga masana'anta. Bayan an taso daga coci suka shiga fim na rana. Verna ta saya wa Tessie gugguru, ta zauna tsakaninta da kakarta.

Da fari komai ya tafi daidai. Da aka nuna ɗakin, tsohuwa ta yi alamar gicciye ta fara sheshsheƙa. Da Lenore ta kama kunne a gaban 'yan sanda, ɗaya ƙawar ta leƙo ta dubi Verna ta gyaɗa kai. Alƙali ya wanke matar, yarinya ta rugo, Verna ta damƙe hannun Tessie, ta fara laluben jakarta don a tashi.

Fim bai ƙare ba. Matar ta koma ɗaki ita kaɗai, ta tsaya gaban madubi, ta yi wani murmushi da Verna ba ta taɓa gani ba. Hoto ya yi rawa kamar ruwa, aka koma ranar mutuwar. Ga miji na barci. Ga tsummokara a taga. Sai ga hannu ya cika bango, girmansa ya kai ƙofa, da jan farce, da karkataccen yatsa. Ya shafa makunnin, ya buɗe a hankali. Ba ashana.

"Momi!" in ji Tessie, da ƙarfi, cike da murna. "Ga hannunki! Kaka, kin ga yatsan Momi?"

Wani a baya ya ce a yi wa mutane shiru.

A waje rana na nan tar, motoci na wucewa, wani na sayar da jarida. Jadwiga ta riƙe hannun Tessie ta mayar da ita ɗaya gefen.

"Mama, fim ne. Wasa ne. Wallahi ba haka aka yi shi ba, sauya shi suka yi."

"Tsummokaran wasa ne?"

"A'a, amma..."

"Hitar wasa ce? Tambayar da nake miki a kan teburina, da na ji a bakin waccan tsohuwar ta cikin fim, wasa ce?"

"Mama, ki saurare ni."

"Hannun na wa ne?"

"Nawa ne. Ce mini aka yi in buɗe, na buɗe."

"To," in ji tsohuwa. "Na gode da kika nuna mini."

Kada ku yi wa Jadwiga dariya. Mace ce da ta san hoto ɗaya a duniya, wanda ake zuwa a tsaya a ɗauka, kuma abin da ya tsaya gaban kyamara shi ke fitowa. Shekaru tana ɗauke da zargi marar fuska. Yau an ba ta shi da fuska da kiɗa, a gaban ƙawayenta, kuma wadda take zargin ce ta biya kuɗin shiga.

Lahadin da ta biyo baya ƙofa ba ta buɗu ba. Verna ta tsaya a baranda, tsayuwa dai ai ta iya, har labule ya motsa aka janye wata ƙaramar fuska daga taga.

Ta koma ta buga wa Milo ƙofa.

"Ni ba haka na rubuta ba, kin sani, na karanta miki," in ji shi. "Sun ce mace mai gaskiya ba ta cika silima. Na yi musu magana, suka ce sun saya, nasu ne, in suna so su mayar da ita doki."

"Ka ari bakina ka ci mini albasa, yanzu ni ke wari. Sa hularka mu je ka gaya wa Mama."

Ya je, wannan kam ya yi. Ya tsaya a baranda da hula a hannu yana bayani ta ramin ƙofa, yadda ake sayen labari, yadda ake yanka fim a liƙa. Tsohuwa ta buɗe kaɗan ta dube shi sama da ƙasa. A fim ɗin manya sun ƙara wani saurayi mai gashin baki da matar ke so a ɓoye. Milo na da gashin baki.

"Gida ɗaya kuke da ita?"

"E, Madam, amma ɗakina na can ƙarshen..."

"Ashe kai ne."

Ta rufe. Gara ma da bai je ba.

Verna ta je wa Fadan cocinsu. Mutumin kirki ne, ya taka har gidan ya ce wa Jadwiga hoto ne kawai, ba shaida ba ne. Ta ce, "Fada, hotunan da ke jikin bangon cocinka, da kake sa mu durƙusa a gabansu, su ma hoto ne kawai?" Ya sha shayinsa ya tafi. Verna ta je ofishin kamfani ta roƙi takarda ko layi biyu ce, a ce an sauya ƙarshen. Wata sakatariya ta nuna mata cewa a farkon fim an rubuta ɓaro-ɓaro labarin bai shafi wani mai rai ko matacce ba, don haka kamfani ba zai iya wanke wadda bai taɓa ambata ba. Lenore ta ji labari ta aiko da furanni. Masu tsada ne, Madam Dunphy ta sa su a teburin cin abinci.

Saura kotu. A lokacin Verna ta riga ta kama ɗaki biyu da 'yar baranda, ta saya wa Tessie gado da shimfiɗa mai hoton agwagi, ga takardar shaidar aiki. Duk abin da aka ce ta kawo ta kawo. Ta shirya amsar zargin kisa tsaf, ta haddace ta a tarago.

Lauyan Jadwiga bai ko ambaci kisa ba. Ya fi haka wayo.

"Madam Kubiak, wa ya ba marubucin labarin mutuwar mijinki?"

"Ni ce."

"An biya ki a kan aikin wannan fim?"

"Albashina ne na kullum."

"An biya ki ke nan. Hannun da ya buɗe gas a majigi, na wa ne?"

"Nawa ne."

"Wa ya ɗauki yarinya 'yar shekara bakwai ya kai ta ta kalli yadda ubanta ya mutu?"

Verna ta kama kunnenta na hagu. Ta ji wata mata a bencin baya ta ja numfashi, ta gane abin da hannunta ya yi, ta sauke shi. Ta makara.

"Ni ce," in ji ta.

Ba ƙarya ko ɗaya a cikin abin da aka tambaye ta, shi ya sa ba ta da abin musantawa. Alƙali ya ce yarinya na yawan firgita a barci tun ranar, gara ta zauna inda ta saba, a sake dubawa nan gaba. Kafin nan gaba ta zo, Jadwiga ta sayar da gidanta ta kwashe Tessie suka koma Toledo wurin ɗanta na biyu. Daga nan zuwa can kwana da kwanaki ne a jirgin ƙasa, kuma 'yar tsayen da ta yi sati ba ta kan alli, ta dawo ta tarar da wata a kai.

Ran Litinin Verna ta koma aiki. Me za ta yi? Fim ɗin ya yi kasuwa fiye da duk abin da Lenore ta taɓa yi, daga nan ba a sake ba ta mutuniyar kirki ba. Daraktoci kuma suka ƙyalla ido a kan yatsan nan. Hannun Verna ya zuba guba a kofi, ya zare bindiga daga jaka, ya yanke wayar tarho, ya tura wani attajiri daga bene. A wurin aiki har tsokanarta ake, "'Yar tsaye, yau wa za mu binne?" Takan yi dariya, don in ba ta yi ba za a ce ta cika ɗaci, a nemo wata. Da kuɗin take sayen rigar sanyi da takalma ta aika Toledo duk Kirsimeti, tana ƙiyasta girman ƙafar da ba ta gani. Wasu ƙunshin su dawo, wasu ba sa dawowa. Waɗanda ba su dawo ba su ne abincin ranta na shekara.

Milo ya tashi daga gidan Madam Dunphy, ya samu ofis a kamfani da sunansa a ƙofa. Ya ci gaba da kashe mata har gyambo ya kashe shi.

Zamani ya juya. Fim mai launi ya zo, aka daina son inuwa. Lenore ta auri mai rijiyoyin mai ta bar aiki, ranar da ta bari Verna ma ta bari, ba tare da an tambaye ta ba. Aka rushe gidajen Bunker Hill aka kafa benaye. Verna ta koma wani gidan abinci a tsakiyar gari tana zuba wa mutane dakakken dankali da romo, nan ma a tsaye. Yanzu 'yan boko sun raɗa wa irin finafinan nan suna da Faransanci, suna taruwa a jami'a suna fashin baƙi a kan sharrin mace da asirin zuciyarta. Da sun zo layin dankali da sun ga asirin, sanye da safar roba saboda kumburin ƙafa.

Tessie ta zo sau ɗaya, bayan Jadwiga ta rasu. Ta bugo waya tukuna, ta ce suna hanyar wucewa ne ita da mijinta. Verna ta wanke labule, ta gasa kek, ta sake gasa wani don na farko ya tsage. Mota ta tsaya da hantsi. Mijin bai fito ba, ya buɗe jarida a kan sitiyari. Wata doguwar mace ta hawo matakala da jariri a kafaɗa, goshinta irin na Stan sak.

Suka zauna. Tessie ta yaba labule. Ta ce Toledo akwai sanyi. Ta ce takalman nan da ake aikowa kullum sun yi mata kaɗan, amma takan ajiye su.

"Na zo ne in gaya miki wani abu," in ji ta. Ba ta ce Momi ba, ba ta kuma kira sunanta ba, ta bi ta tsakiya. "Na san ba ki yi ba. Na girma, na san yadda ake haɗa fim. Na ma nemi takardun 'yan sanda na karanta. Kaka ce dai, Allah Ya ji ƙanta, ba ta da ilimin abin."

"Ba laifinta ba ne," in ji Verna. "Ɗanta ne."

"Shi ne na ce bari in faɗa miki da bakina."

"Na gode, 'yata. Allah Ya yi miki albarka."

Verna ta goge tafukanta a jikin siket, ta miƙa hannuwa biyu. "Kawo shi in gan shi. Yaya sunansa?"

Tessie ta dubi hannuwan. Ba ta daɗe tana duba ba, ƙiftawar ido ce. Sai ta gyara yaron ta mayar da shi ɗaya kafaɗar.

"Stanley. Barci yake, kada ya tashi. In ya tashi ba ya komawa."

Yaron idonsa biyu. Ya leƙo ta bayan wuyan uwarsa yana kallon Verna, yana tsotsar ɗan yatsa, har da miyau.

"Haka ne," in ji Verna. "Bar shi ya huta."

Ta tashi ta yanka kek, ta naɗe musu rabi a takarda saboda hanya. A waje mijin ya danna ham sau ɗaya, a hankali, irin na mai ladabi.